Lamba Goma Sha Ɗaya

Ni ne ma'aji. Biro ne kayan aikina.
Ba na tsalle, ba na jifa,
ina zaune a ofis mai fanka ɗaya bayan filin Karkanda
ina auna mutane da sifiri.

Ran Talata hukumar gasa ta aiko da takarda:
albashin 'yan wasa kada ya haura miliyan biyu a wata.
Wanda ya haura, tara. Ya sake, a zabge masa maki.
Na tara, na ɗebe, na sake tarawa
har shayina ya huce ya yi fata.
Dubu ɗari da arba'in sun leƙo ta saman katanga,
kuma duk yadda na juya takardar
sunan Abashe ke kallona.

Abashe na Rafindadi.
Na san shi tun yana jefa ƙwallon tsumma
cikin bokitin da aka fasa wa gindi
aka kafe da ƙusa a jikin darbejiya.
Shekara uku baya, in ya miƙe ƙarƙashin kwando
sai ka ce Gobarau ce ta sa takalmi.
Maki ashirin da biyu ya zuba wa 'yan Kano a dare guda,
mai rake ya bar bairo yana ihu.

Sai gwiwa.
Ƙara ɗaya ta yi, kamar an taka busasshen kara,
tun daga ranar kwando ya daina gane hannunsa.
Bana maki huɗu, maki uku, wani daren ko ɗaya.
Ƙwallo ta zagaya bakin ƙarfe, ta yi shawara, ta fito.
Albashi kuwa bai ji ciwo ba,
yana nan da tsayinsa na da,
dubu ɗari biyu da ashirin.

Koci Darma ya ce, "Gusau na so.
Za su ba mu yara biyu, a haɗe dubu saba'in."
Igiyar usur yake kallo, ba ni ba.
Shugaba ta waya ya ce, "Sada, ai lissafi ba ya jin kunya."
Gaskiya ne.
Mai lissafin ke ji.

Tun daga Ƙofar Ƙwaya nake shirya magana a kan babur:
sauyin iska ne, gaba ta fi baya yawa,
Gusau ba nisa, kwana nawa ne.
Na iske shi ya riga ni, zaune kan benci,
rigar lamba goma sha ɗaya a cinyarsa,
wankakkiya, gogaggiya, ninki huɗu.
Duk abin da na haddace ya zube a bakin ƙofa.

Bai tambayi dalili ba.
Bai ce ina alkawarin da aka yi masa a asibiti ba.
Ya ce, "Ma'aji, filinsu katako ne ko siminti?"
Na ce siminti.
Ya shafa gwiwa, ya yi murmushi,
ya karɓi biron nan nawa ya sa hannu,
ya mayar masa da murfi kafin ya miƙo.

Da zai fita ya tsinci ƙwallo a gefen layi.
Ba alƙali, ba 'yan kallo, sai almuru da jemagu.
Ya buga ta ƙasa sau uku, yadda ya saba,
ya saki.
Ko ƙarfen ba ta taɓa ba.
Yagaggiyar raga ta ce suf, ta yi shiru.
Na duba littafina, babu layin da ake rubuta irin wannan.

Yau mun sauka ƙasa da iyaka,
hukuma ta buga mana hatimi,
har da rarar dubu goma.
Shugaba ya ce a sayo sabuwar raga.
Na sayo. Tana cikin durowa, a ledarta.
Yaran Gusau sun iso jiya, dogaye, masu ladabi,
ɗayan ya tambaye ni ko lamba goma sha ɗaya da mai ita.
Na ce ya dawo gobe.