Lamba Dubu Huɗu da Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Alharaj.
Fankoki na feso yayyafin haya,
shanu dubu tara sun kwanta suna tuƙa,
babu mai ƙaho, babu mai tozo,
baƙi da fari, kamar allon da aka wanke rabi.

Ni ne mai littafi.
Abin da hantsa ta zubar ni ke rubutawa:
lita nawa da asuba, nawa da la'asar,
wace ta ɗauka, wace ta yi ɓari,
wace ke ɗingishi da ƙafar hagu.
A nan saniya ba ta da suna,
sai rawayar lamba a kunne.

Amma wannan, dubu huɗu da sha bakwai,
na raɗa mata Kyalla, ba rago ba wanzami,
daren da na zura hannu har kafaɗa
na juyo ɗanta da ya taho da baya.
Ta lashi gwiwar hannuna,
harshe kamar magagari.

Ba ta taɓa ganin bajimi ba.
Mijinta na cikin tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi,
a siririn tsinke ya sauka daga jirgi.
Dakta Siddiƙ ke ɗaura auren da safar roba,
ba goro, ba shaida sai ni da biro.
Shida ta haifa.
Kowanne a gora ya sha dakashi,
kafin ya bushe an tura shi a baro.
Kwana biyu takan yi tana kiran ƙofa,
na uku ta bi layin tatsa.

A Mai Wurno, bakin Nilu,
shanun Baba Gwadabe bakwai ne, masu launin toka.
Da yamma yakan kira su ɗaya-ɗaya,
kowace ta amsa daga cikin karan dawa.
Maraƙi na dangwali, uwa na kallonsa,
ƙwarya guda ta ba mu, mu gode.
Wadda ta tsufa, sai ta tsufa.
Amma kada kewa ta sa ni ƙarya:
shekarar da sama ta ƙi,
huɗu muka ja da igiya zuwa bayan gari,
ungulu na biye da mu.
Nan ba wadda ta taɓa kwana da yunwa.

Ran Asabar Abu Mish'al ya ɗora yatsa a shafi:
daga arba'in ta gangaro sha tara,
tsinke uku, ba ta riƙe ko ɗaya ba.
Bai ɗaga murya ba,
har lafiyar yara ya tambaye ni.
Ya ce in mako ya cika ba ta haura ba,
motar mahauta Alhamis take zuwa.

Yau Laraba.
A lissafin Larabawa
tsakanin ɗaya da biyu 'yar ƙugiya ce kawai.
In na lanƙwasa kan biro kaɗan,
sha tara ta zama ashirin da tara,
Kyalla ta ƙara wata.
Na daɗe ina duban wurin.
Littafin nan ne ya rufa wa Inna ɗaki da kwano,
shi ke biyan makarantar Ladiyo,
shekara tara ba a kama shi da kuskure ba.

Sha tara na rubuta.

Na je na zauna kusa da ita a kan yashi,
na ɓare dabino biyar, na cire ƙwallo.
Ta ci, ta hura mini ɗumi a wuya.
Can bakin ƙofa tankoki sun tayar,
kafin hantsi wani yaro a Riyad
zai sha ta a kofi, ya bar saura.

Da aka kira assalatu na bi ta garken karsana.
Akwai wata, dubu bakwai da ɗari uku,
farin goshinta ya karkata hagu kamar na uwar.
Watan gobe za ta haihu.
Na ce ba zan sake raɗa wa kowa suna ba.
Ta matso, ta kama hannun rigata tana tauna.