Rajistar Alhamis

Ni ba alƙali ba ce.
Tebur gare ni a bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya bisa bulo,
a ofishin sa ido na Gadarif,
inda waɗanda kurkuku ya saki da sharaɗi
kan zo su nuna suna nan.

Da safe in kaɗe rajista,
in ɗiga wa kushin tawada ruwa kada ya bushe,
in jera fayil bisa lamba.
Fanka na ta kewaye kamar mai cigiya,
a ɗauke wuta, ta tsaya cak.

Ustaz Awad ke shiga unguwanni,
shi ke rahoto, shi ke magana da kotu.
Nawa kwanan wata ne, da hatimi, da amsa waya,
da biro biyu.
Shuɗi na wanda ya zo.
Ja na wanda bai zo ba.
Jan nan bai fi tsinken tsire nauyi ba,
amma layinsa ɗaya kan mai da mutum bayan katanga.

Alhamis suke zuwa.
Wani da jallabiya ta sha guga kamar mai zuwa idi,
wani da baƙin mai a ƙarƙashin farce,
wani ba ya duban fuskata,
sai agogon bango da ya mutu tun bara.
Takardun da Larabci suke,
amma akwai sunayen da na san irin gidan da aka raɗa su.
Kakata da ƙafa ta baro Haɗeja za ta Makka,
guzuri ya ƙare a nan, ta ce a huta kwana biyu.
Hutun nan ya haifi uwata, ya haife ni.

Lamba ɗari biyu da sha bakwai, Attahiru Jibo.
Wata tara bai yi fashi ba.
Yau azahar ta gota, gurbinsa fari fat.
Na kira ƙanwarsa Ramlatu, ta ce
tun Asabar ya tafi yankan riɗi wajen Doka,
jiya an yi ruwa,
baƙar ƙasar nan kuwa in ta sha ba ta sakin taya.

Gari Doka, takarda doka,
shi yana tsakani a bayan lori.

Na aje waya.
Na buga wasiƙu uku da ba mai jiran su.
Na sake jera abin da na riga na jera.
Mai shayin gindin darbejiya ta fara tattara kujeru.
Ƙarfe uku ake rufe shafi,
jan biro na kwance, hularsa a kai.

Uku saura kwata sai ga shi,
laka har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu.
Ya toge a bakin ƙofa kada ya ɓata mini daɓe,
ya yi sallama da Larabci.
Na ce, sannu da hanya.
Ya ɗago kai. Wata tara, yau ya gan ni.

Ya dangwala babban yatsa, ya danna.
Babu zane.
Lauje da karan riɗi sun cinye layukan,
sai tabo sumul kamar bayan cokali.
Muka sake. Haka.
A na uku, can gefe, ɗan lanƙwasa ya fito,
siriri kamar jinjirin wata.
Na ce ya wadatar.
Na rubuta lokacin yadda yake, ban rage minti ba.

Ya kwance bakin rawani, riɗi ne, cikin tafi guda.
Na ce ba a karɓa a nan.
Bai yi musu ba, ya ɗaure abinsa,
ya sa takalmin da ya rage, ya fita.

Ƙwaya uku sun faɗa tsakiyar rajista.
Na gan su.
Na rufe da su a ciki,
na kulle kabad, na jefa makulli a jaka.