Damtsen Hagu

Na bar wa maƙwabci rumfar albasa,
muka kutsa danfo, ni da Saude,
ruwan Legas na dukan gilashi.

A layin asibitin Idi-Araba ta ce,
"Baba, lafiyata lau, rigakafin me?"

Ban gaya mata
haka Hansatu ma ta ce ba.
Damina biyu tana wanke zani da tsakar dare
kar in ga jinin,
har likita ya ambaci sankarar bakin mahaifa
idonsa a kan takarda.

Nas ta naɗe hannun rigar makaranta.
Shekara tara, damtse kamar sillen kara.
Ta runtse ido, irin runtsewar uwarta.

"Shi ke nan?"
Shi ke nan, 'yata.

A tasha ta nemi dafaffiyar masara.
Na ce a ba mu uku.
Na manta.