Kamu Biyu

Ƙanena Illa ne ya nuna mini.
Ya ce akwai wani ɗan ido kusa da kyamarar
mai watsa ɗigon hasken da ba a gani,
yana awon tazara kamar mai yankan yadi.
Abin da ke kusa ya bar shi,
abin da ya wuce kamu biyu ya share.

Ƙarfe goma za su kira daga Yamai, batun aiki.
Na zauna a tsakar gidanmu na Garin Malam,
na jingina wayar da gwangwanin madara,
na taɓa.

Jarkoki goma sha ɗaya, ruwan ɗorawa,
da ke layi tun shekaranjiya a bakin famfo,
suka ɓace.
Katangar da Baba ya yaɓe kafin ya kwanta ciwo,
har da shatin yatsunsa a laka.
Dutsen nan ma da ke leƙo mu ta bayan gida,
wanda ya girmi Damagaram,
ko gardama bai yi ba.

Sai ga ni cikin ofis fari fat,
da littattafan da ban taɓa buɗewa ba,
da wata fulawa mara ƙishirwa.
In na juya, ya ɗan gutsiri gefen gyalena,
ya maido.

Ina cikin amsa tambaya ta uku
famfo ya yi tari.
Ya sake tari.
Illa bai faɗa mini ba, ashe idon ba ya da kunne.
Mutum uku masu kwat suka ji
ruwa na dukan gindin bokiti,
maƙwabciya na ƙwala wa 'ya'yanta kira,
takalma na gudu a cikin ofishina fari.

Can sai hannu ya fito daga iska,
hannu kaɗai, ba kafaɗa, ba fuska,
da tsohon lalle da zoben azurfa,
ya sauka a wuyana.
Iya Cima ce ta matso ta ce in ɗaga ƙafa,
ruwa zai jiƙa mini zane.

Matar da ke tsakiya ta cire tabarau.
Wa ke nan?

Na dubi hannun a gilashin wayar,
iyakar abin da awo ya yarda da shi.
Na ce kakata ce,
na jawo ta kusa, har ta shigo duka.