Igiyar Sama, Igiyar Ƙasa

Baba, ajiye gugan nan tukuna.
Tun daga tasha kake satar kallon tafin hannuna,
ba ka tanka ba sai da muka shigo Koki,
ka ce, "Sammani, wa ya ba ka kanta irin tawa?"

Igiya ce, Baba.

Da asuba aka busa mana usur,
mu goma sha bakwai, 'yan koyo, a jere,
jirgi yana rausaya kamar raƙumi zai miƙe.
Malam Okon ya nuna sama da haɓarsa.
Jigon nan ya kere hasumiyar masallacin Juma'a,
ita kuwa hasumiya ba ta lilo.

Tsanin igiya ne, an shafe shi da kwalta,
raɓa ta jiƙa shi, gishiri ya ci.
Taki goma, ina dariya.
Taki talatin, dariya ta sauka ta bar ni.
Gwiwoyina suka kama kaɗa kalangu.
Na leƙa ƙasa, abokaina sun koma tururuwa,
ruwa kuwa ba gaɓa, ba Dala, ba Goron Dutse,
ba abin da ido zai jingina da shi.

Akwai wani wuri ƙarƙashin dakalin farko
inda tsani yake kwantowa da baya,
dole ka rataye, ƙeyarka tana kallon teku,
kamar tsaka a rufin ɗaki.
Nan na ƙame. Nan na manta sunana.
Okon yana ihu, iska tana cinye rabin maganar.

Sai na tuna rijiyar gidan Alhaji Mato,
ina ɗan shekara tara, riƙe da takalmanka.
Ka ɗaura igiya a ƙugu, ka yi bismilla,
duhu ya haɗiye ka gaba goma sha biyu.
Na fashe da kuka.
Muryarka ta taso daga ciki, a jiƙe:
"Kar ka auna zurfi, yaro,
dubi inda hannunka yake."

Na dubi hannuna.
Na saki ɗaya, ya nemo, ya samu.
Ɗan'uwansa ya bi shi.
Ban san yadda ƙafafu suka yi ba,
su ma ba su ba ni labari ba har yau.

A can sama muka kifa ciki kan sandar gicciye,
muka kwance filafili, ya zubo, ya sha iska, ya kumbura,
fari fat, ƙyallen da bai taɓa ganin marina ba.
Rana ta ɓullo daga cikin ruwa, ba ta jiƙe ba.
Na yi salati da ƙarfi,
wannan karon ba don tsoro ba.

Shekara talatin kana hango sama daga ƙasa,
girmanta bai wuce faifai ba.
Ni na gan ta dukanta, har na gaji da juya wuya,
kuma duk da haka kai nake ta nema.

Miƙo igiyar gugan, bakinta ya tsefe,
in nuna maka ƙullin da na yi wata biyu ina koyo.
Ka zagaya nan, ka cusa, ka ja.

Me kake wa dariya?
Da shi kakana yake ɗaure jakinsa?