Ƙwan Zabuwa

Ranar Laraba a Gulma, gindin tsamiyar Maiunguwa,
Barira ta zaro tef daga jaka
ta naɗa a dantsen jikana Modi.
Kore ya wuce, rawaya ta wuce,
awo ya tsaya kan ja.
Ban yi boko ba,
amma ja, ko akuya ta san shi a bakin wuƙa.

Ni na ce a tatse dakashi a zubar,
haka uwata ta yi, haka tata uwar.
Ni na hana shi ƙwai
kada ya tashi da dogon hannu.
Zabina goma sha biyu na zuba ƙwai bayan rumbu,
in kwashe in kai kasuwar Argungu,
in dawo da atamfa,
yaro kwance, gashinsa ja kamar gemun masara.

Barira ba ta yi min faɗa ba.
Da ta yi, da na sami abin riƙewa.
Ta ba mu takardar asibiti, sannan ta ce,
"Inno, ara mana turminki."

Muka soya gero da waken suya,
Hajo ta kawo gyaɗa mudu guda,
matar masunci ta kwance busasshen kifi daga gefen zane,
aka tsinko zogalen da muke kwaɗawa, mu manya,
yara na kallo.
Mata tara, taɓarya uku,
lugude har bakin fadama.

Yalwa, uwar yaron,
mai kankare ƙanzo bayan kowa ya ƙoshi,
ita aka fara zuba wa.
Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta dube ni.
Na ce, ci.
Kalmar ta yi min nauyi kamar dutsen niƙa.

Laraba shida ke nan.
Tef bai kai kore ba tukuna,
yana kan rawaya, yana leƙen gaba.

Yau da hantsi na nemi Modi na rasa.
Can na tsinto shi bayan rumbu, ya rarrafa,
hannu dumu-dumu cikin sheƙar zabuwa,
gwaiduwa har haɓa.

Na ce, to, ga ɓarawon ya bayyana!
Na zauna a ƙasa ina dariya
har sai da na goge ido da bakin zane.