Fasfo a Ƙarƙashin Katifa

Ran da Kaduna ta ja ƙofa
ni da littafin lissafi aka kulle.
Jarrabawar Mayu ta koma "sai an ji",
rediyon Baba kullum tari da sanarwa.

Daga Alƙahira suka rubuto:
turo sakamako kafin Yuli ya fita.
Wane sakamako?
Alƙalamina ko hula bai tuɓe ba.

Filin Rigasa ya tafi
kan kujerar da ban taɓa zama ba.
Hoton cikin fasfona
ya fara kama da ƙanwata.

Da la'asar Talatu ta leƙo ta katanga,
takunkumi a haɓa:
"Lantana, ba ki tafi ba?"
Na ce, "Ina hanya."
Na koma gindin gwaiba
ina haddace amsa, ba mai tambaya.